Ƙamus Mai Rigar Labule

6 ga Maris

Yaya Mai Jaka,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya ƙafar nan taka mai kumburi? Kana shafa maganin da na aiko, ko ka ɗora littafi a kan kwalbar ka manta da ita? Mu nan alhamdu lillahi, sai gajiyar asibiti. An mai da ni ɗakin masu karaya, yini nake ina ɗaga mutanen da suka fi ni nauyi.

Inna tana gaishe ka. Jiki da sauƙi, tana ci tana sha, amma mantuwa ta ƙaru ƙwarai. Sai ta sha magani ta ce ban ba ta ba. Abin jiya ba ya zama a kanta, na shekara hamsin kuwa kamar yanzu aka yi shi.

A nan maganar take. Ka san kafin a haifi kowa a cikinmu Inna ta haifi ɗa namiji, ya yi kwana biyar ya koma. Ba a yi masa takarda ba, babu hotonsa. To, tun watan jiya ta sa shi a baki. Tana tuna sumarsa, tana tuna ƙafarsa, amma ranar da aka haife shi ta ɓace mata, har shekarar. Kullum da safe sai ta zauna bakin gado tana lissafi da yatsu, ta ce wace irin uwa ce ba ta san ranar ɗanta ba. Sai kuka.

Ta ce Baba ya rubuta. Kowane ɗa aka haifa, yakan buɗe fararen shafukan bayan babban ƙamus ɗinsa ya rubuta rana da sa'a da 'yar magana. Ka tuna ƙamus ɗin, wanda bangonsa ya cire Inna ta ɗinka masa riga da ragowar koren labulen falo. Yana cikin kwalaye takwas ɗin da muka bar maka da Baba ya rasu, lokacin da na ɗauko Inna nan.

Na san zumuncinmu na nesa ne, kakarka da kakata ne 'yan ɗaki ɗaya. Amma shekara huɗun da ka yi a gidanmu kana karatu ta mai da kai ɗan gida, shi ya sa ba na jin nauyin sa ka aiki. Don Allah ka buɗe kwalayen ka aiko mana da shi. In nauyi ne, kwafe shafin kawai ya isa.

Ƙanwarka,
Auta

*

21 ga Maris

Auta 'yar Baffa,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, na ji daɗin jin lafiyarku. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi, ki durƙusa ki gaishe min da ita. Mu nan lafiya. Ƙafa tana nan tana mulkinta. Maganar kwalbar maganin kuwa kin yi min sharri, ba littafi na ɗora a kai ba, littattafai ne.

Aiki yana nan yadda kika san shi. Shekara ashirin da shida ina gyaran rubutu a maɗaba'a, har na kai in na ga allon shago a titi sai hannuna ya nemi jan biro. Jiya mai wanki ya ba ni takardar kaya, na gyara masa kuskure uku. Bai gode ba.

Lokacin kasuwar tsofaffin littattafai ya kama, kin san ni ba na zama. Makon jiya a zauren wata makaranta na samu littafin kiwon zuma mai hotuna, kuɗinsa bai kai na kofin shayi ba. Uwargida ta ce, "To, ina zumar?" Na ce ilimin ai ya fi zumar daɗewa. Ta ce in zuba ilimin a shayin gobe. A cikinsa na tsinci tikitin mota da busasshen ganye da takardar cefane, an rubuta albasa sau biyu. Yini na yi ina tunanin mutumin nan. Ko ya sayo sau biyun?

Mutane suna cewa araha ba ta ado. Ni dai na ce ba su iya saye ba ne. Ba ki taɓa bin mu ba, bari in gaya miki yadda ake yi. Babbar kasuwa kwana uku take ci. Ranar farko, kuɗin da aka rubuta da fensir a cikin bango shi za ka biya. Rana ta biyu rabi. Rana ta uku ita ce ranar jaka: ka cika jakarka maƙil, ka biya kuɗi ɗaya ɗan kaɗan. Gwani yakan je ranar farko, ba don ya saya ba. In ya ga abin da ransa ke so, sai ya zare shi a hankali ya cusa bayan littattafan da ba mai kallonsu, irin na dokar haraji ko tsofaffin rahotanni, ya dawo ranar jaka ya ɗauki abinsa. Baffa ne ya koya min, Allah ya jiƙansa. Yakan ce, "Ɗana, kowa ya iya biya. Jira shi ne sana'a." Ina ganinsa yanzu, yana tari na ƙarya yana waige, hannu a bayan kantar littattafai.

Kai, na cika ki da surutu. Maganar ƙamus kuwa, kada ki damu. Littattafan Baffa ba sa ɗakina yanzu, ɗakin ya yi musu kaɗan. Suna hannun mutumin da ya fi ni sanin darajar littafi. Zan je wurinsa in duba.

Yayanki,
Mai Jaka

*

2 ga Afrilu

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, da fatan ku ma haka. Ka gaida uwargida, ka ce na goyi bayanta a maganar zuma.

Wallahi ka ba ni kunya, irin ta alheri. Ni da nake tsoron ɓeraye sun gama da kwalayen nan a ƙarƙashin gadonka, ashe kai mai ɗinkin littattafai ka kai wa su ya adana. Ko mai kula da laburare ne? Ko ma wane ne, Allah ya saka. Mu da muka haifu a gidan ba mu yi wannan tunanin ba.

Na karanta wa Inna wasiƙar. Da na zo wajen tarin ƙarya ta yi dariya har da riƙe ciki, rabon da in ji dariyarta haka na manta. Ta ce ita ma ta sha riƙe wa Baba jaka a bakin ƙofa. Sannan ta ɗaga hannu ta yi ta sa maka albarka. Ta ce a duk yaran da suka ci abinci a gidanta kai ne mai amana, ko allura aka ba ka ajiya za a same ta. Ta sa na share mata kan durowa, wai nan za a ajiye ƙamus.

Sai dai ka yi sauri, Yaya. Na san ka, in ka shiga wurin mutumin nan ka ga littattafai, sai ka manta abin da ya kai ka.

Auta

*

28 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa. Muna nan da rai. Kusan wata biyu ke nan shiru. Lafiya? Ƙafar ce ta tashi? In kuma tsokanar da na yi maka a ƙarshen waccan wasiƙar ce ta ɓata maka rai, ka yafe ni, wasa nake yi.

Inna ta fara rama. Kan durowar yana nan a share, ba ta yarda a ɗora ko kofi. Layi ɗaya nake roƙo: rana, wata, shekara.

Auta

*

15 ga Yuni

Auta,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, kowa a gida lafiya. Da ma ciwo ne ya hana ni rubutu, da na fi samun sauƙi. Tsokanarki ba ta yi min komai ba. Albarkar da Inna ta sa min ce ta hana ni barci. Sau biyar ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki zauna ki karanta, kada ki karanta a gabanta.

Babu mai ɗinkin littattafai, babu mai laburare. Mutumin da na ce ya fi ni sanin darajar littafi dillali ne, Dogo muke ce masa, yana da tebur a bayan tashar mota. Darajar da ya sani ta sayarwa ce. Na tsara maganar ne yadda za ki fahimce ta ba daidai ba, kuma kika fahimta yadda na so. Gyaran rubutu ne aikina, na san inda ake ajiye kalma.

Bara na ga jerin kundin ilimi a teburinsa, mujalladi goma sha biyu masu ruwan zinariya a gadon baya. Raina ya biya. Kuɗinsu ya fi ƙarfina, wurin ajiye su ma babu. Sai na tuna da kwalayen Baffa. Na buɗe biyu, na ga littattafan lissafi da nahawu na 'yan makaranta, na ce duk haka suke. Shidan ko igiyarsu ban kwance ba. Muka yi musaya, Dogo ya turo amalanke ya kwashe. Da na jera kundin a gida sai na ga babu na bakwai, na shida ne guda biyu. Har yau suna nan suna kallona.

Ranar da wasiƙarki ta farko ta zo, ban ci abinci ba na tafi wurin Dogo. Ya ce ya sayar da wasu, wasu ya ba masu shirya kasuwanni don ya rage kaya, bai san wanne ya tafi ina ba. Amsar da na aiko miki mai zuma da albasa, bayan na dawo daga wurinsa na rubuta ta, da rana tsaka a teburin aiki, gumi yana ɗiga a takarda. Daga nan na shiga farauta. Kasuwa tara na je cikin mako goma. Zauren makaranta, harabar asibiti, garejin wani mamaci. Na durƙusa ƙarƙashin tebura har wandona ya huje a gwiwa. Na tsinci littattafan Baffa goma sha ɗaya, da sunansa da jan tawada, duk na saya. Ƙamus babu.

Sai Juma'ar makon jiya, ranar farko ta babbar kasuwar laburare. Ina shiga, a tebur na uku, tsakanin littafin girki da na koyon tuƙi, na hango koren ƙyalle. Auta, na matsa kusa. Shi ne. Ɗinkin Inna yana nan, zare baƙi a sama, fari a ƙasa inda baƙin ya ƙare mata. Na ɗauka na rungume.

Abin da ya biyo baya shi ne na kasa rubutawa sau biyar.

Na buɗe bangon gaba na duba fensir. Kuɗin bai wuce na motar zuwa da dawowa sau biyu ba, kuma yana aljihuna, har da canji. Amma wani abu a cikina ya ce, wannan tsohon ƙamus mai rigar labule za a sa wa kuɗi haka? Kayanmu ne fa, kyauta suka same shi. Wa zai so shi in ba ni ba? Layin biya kuma ya kai ƙofa. Ban yanke shawara ba, wallahi, hannuna ne ya yi aikinsa na shekara talatin. Na ji kaina ina tari. Na cusa shi can ƙasan kanta ta ƙarshe, bayan littattafan dokar haraji, na fita ina jin ni gwani ne.

Asabar na koma. Rabin kuɗi. Na zura hannu na taɓa shi, yana nan. Na ce saura kwana ɗaya, wanda ya jira jiya ai ya jira yau. Na bar shi. Wannan ta biyun ba ni da hannun da zan ɗora wa laifi.

Lahadi tun kafin a buɗe ina bakin ƙofa da jakata. Aka buɗe na miƙe kanta ta ƙarshe. Babu kantar. Wurin fayau, an share, an jera kujeru. Na je wurin dattijuwar da ke karɓar kuɗi, mai tabarau a kan hanci, na ce, "Hajiya, ina littattafan haraji?" Ta ce, "Kai ne mutum na farko da ya taɓa tambayarsu. Shekara shida muna fito da su muna mayarwa. Jiya da muka tashi muka ba masu niƙa takarda, don a samu wurin tsayuwa yau." Na ce akwai ƙamus a bayansu. Ta ce, "Me zai kai ƙamus can? Ƙamus ai a tebur na uku yake, da yana nan da ka same shi."

Na hau mota har inda ake tara takardun. Fili ne babba, takarda tsibi-tsibi ta fi gini tsawo. Mai gadin ya ji tausayina ya bar ni na tona har rana ta faɗi. Daga baya mai awo ya ce kayan Asabar an ɗaure su an wuce da su tun safe, yanzu sun jiƙa a tukunya. Ya tambaye ni ko kuɗi ne a ciki. Na ce a'a.

Na san tambayar da ke bakinki. Sau biyu ƙamus ɗin yana hannuna, ko na karanta shafin baya? Kin ce kwafe shafin kawai ya isa. Biro yana aljihuna, jan nan na aiki. Auta, ban buɗe bayan ba. Gaba na buɗe, inda kuɗi yake. Na san farashinsa har yau, ban san ranar yayanki ba.

Da na bar shi a tebur na uku wani ya saya, da yana nan a duniya, a ɗakin wani, wata rana a gani. Ni na ɗauke shi da hannuna na kai shi inda za a niƙa. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Ban san da wane baki zan nemi gafara ba. Ga littattafai goma sha ɗayan nan na haɗo da wasiƙar. In kin ga dama ki ce wa Inna ruwa ne ya ci kwalayen. In kin ga dama ki daina ce min Yaya.

Mai Jaka

*

30 ga Yuni

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya gwargwado. Kayan sun iso.

Kwana uku na yi ba na iya kallon wasiƙarka. Na zage ka a zuci, zagin da ban san na iya ba. A wurin aiki na ɗaure wa wani bawan Allah hannu da ƙarfi har ya yi ƙara, na ba shi haƙuri, a raina na ce ba kai ba ne. Kuɗin mota, Yaya! Da ka faɗa min tun Maris, da ni na zo na durƙusa ƙarƙashin teburan tare da kai.

Ban ce mata ruwa ba ne. Ƙarya ɗaya ta ishe mu a wannan magana. Kuma ban ji maganarka ba, na karanta mata duka, tun daga Dogo har tukunya. Ta ɗauki ɗaya daga cikin littattafan lissafin tana shafawa. Can ta ce, "Nawa aka rubuta a ciki?" Na faɗa mata. Ta ce, "Kai, sun tsawwala. Shi ma Malam da ɓoyewa zai yi." Har ta ɗan yi murmushi. Ta ce hali zanen dutse, kuma a gidanta aka zana maka shi, don haka kada in ƙara zaginka, ta ga bakina yana motsi. Sannan ta juya ta fuskanci bango. Ba ta ci komai ba ranar. Ina jin ta tana cewa, "Yana da suma. Wannan dai na sani, yana da suma."

Na ɗauka an gama ke nan, mai wuya ta wuce. Washegari da safe na kai mata shayi, na tarar tana goge kan durowa da gefen mayafinta. Ta ce, "Auta, ɗan albarkan nan bai aiko da ƙamus ɗin ba tukuna?"

Ta manta, Yaya. Na sake faɗa mata. Ta sake tambayar nawa ne, ta sake yafe maka, ta sake juyawa bango, sabo fil kamar ba ta taɓa ji ba. Yau kwana tara. Na faɗa sau huɗu. Sauran ranakun na ce mata yana hanya, na shiga banɗaki na yi kukana na tafi aiki. Ban san wanne ya fi muni ba.

Ba zan daina ce maka Yaya ba, ba ka isa ka sauka da araha haka ba. Amma na gaji da ɗaukar maka wannan kaya kowace safiya. Ka nemi hutu a maɗaba'a. Akwai katifa a falo. Ƙarfe bakwai take tambaya, wani lokaci da 'yan mintuna. Ka zo ka zauna a gabanta ka amsa da bakinka, gobe ma ka amsa, jibi ma, har ranar da za ta daina tambaya.

Ka bar jakar a gida.

Ƙanwarka,
Auta